Tsohon Bash

Mutanen Kano su ce tamfol,
mu nan Maraɗi mu ce bash.
Ƙara masa wasali ɗaya, ya koma bashi,
kuma bashin ne, ƙasa ce ke bin mu.

Wannan da ke shimfiɗe gaban rumfata
shekara shida ya yi a bayan kamiyon Nomau.
Ya sha ruwan Kwatano, ya sha ranar Gaya,
ya rufe siminti, ya rufe albasa,
ya kwana tashar Ƙonni yana jin ƙaryar direbobi.
Ran da reshen gawo ya tsaga shi a hanyar Gidan Runji
Nomau ya jefo min shi kamar mushe,
ya ce, "Tsahiru, jika goma, ko in kai shi bola."
Na ce takwas. Ya yi tsaki. Ya karɓa.

Garwa uku na ƙarar wajen wanki.
Na shanya, na zagaya shi kamar mahauci
mai duban inda wuƙa za ta fara.
Shi dai sai ya kashe yake rabawa,
ni rabawa nake don abu ya rayu.

Tsakiyar, inda rana ba ta ci sosai ba,
ta tafi Jiratawa wajen wani mai lambu.
Ya haƙa rami, ya shimfiɗa, ya tara ruwa.
Yanzu yashi na jin sanyi, ba halin sha.
An ce kwaɗi ma sun tare.

Gefen dama Habsu ta saya,
tana shanya barkono da gujiya a kai.
Ta dawo jiya da faɗa
wai akuya ta huda mata kusurwa.
Na ɗora maho, na gasa ƙarfe, na danne,
ban karɓi ko dala ba.
Ta ce ai dama ɗinkina ne bai yi ba.

Inda rubutun kamfani yake, manyan haruffa jajaye,
na yanka jakunkuna huɗu na 'yan lakwal.
Ɗana Rabe ya zaɓi mai harafi ɗaya rak,
wani abu kamar lauje.
In hadari ya kece a hanya
sai ya rungume ta ya ruga,
shi sharkaf, littafi a bushe ƙamas.

Sauran: rigar sirdin kabu-kabu biyu,
guga ɗaya da ya yi yoyo, na warware na sake.
Zobban ƙarfen baki suna cikin gwangwanin tumatir,
ban san ranarsu ba tukuna.

Da damina na bi ta Bagalam,
kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna.
Na ga tunkiya da ciki kumbure,
da aka farke, babu ciyawa, sai leda.
Ƙasa ba ta cin irin wannan.
Binne shi, jikanka ya tono shi da hauya
yana nan yadda ka bar shi.
Abin da ƙasa ta ƙi ci
sai hannu ya yi ta juya shi
kamar waina a tanda.

Guntayen da suka fi ƙarfin allura
suna cikin buhu.
Wani yaro mai kura na zuwa ran Juma'a, ya ɗora a sikeli,
wai can ake narkawa a zuba wani abu.
Ko buta, ko takalmi, ban taɓa zuwa na gani ba.

Shekaranjiya Nomau ya tsaya bakin titi,
sabon bash shuɗi na ƙyalli a kan motarsa.
Guga yake so, na rijiyar gidansu a ƙauye.
Ya biya dala ɗari biyu,
ya juya shi, ya shinshina,
ya ce, "Kamar na san fatar nan."
Na yi shiru, ina zura zare.
Idona na kan sabon.
Shekara shida ba nisa.